Musayar waƙa: Ayilan a shekarar 1914

Malam Na-Tudu:
Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon mu leƙa Ayilan, shekarar 1914, shekarar nan dai da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a wajenmu, to a can Landan ɗin kanta wuta ke ci a kan ko za a bar mutanen Ayilan su yi majalisarsu a Dablin, kuma ba 'yancin kai gaba ɗaya ba fa, mulkin cikin gida ne kawai, sarkin Ingila yana nan, soja da harkar waje na hannun Landan. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "wa". Bismillah.

Da sunan Allah zan buɗe bakina,
Labarin Ayilan nake son faɗawa.

Firaminista Gladstone ya kai ƙudurin majalisa a 1886,
'Yan jam'iyyarsa suka taya kayarwa.

Ya sake a 1893, dattawan majalisa
Suka take shi, ba su ko tausayawa.

Sai Redmond, jagoran 'yan kishin Ayilan, ya riƙe Firaminista Asquith a hannunsa,
In ba ƙuri'unsa, gwamnati na rushewa.

An karya lagon dattawa a 1911,
Jinkirin shekara biyu kaɗai suke iyawa.

Mayun 1914 ƙudurin ya haye na uku,
Dablin ta ɗauka an zo ga gamawa.

Hajiya 'Yar Gobir:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Amma ka yi gaba ka bar Ulster, yankin arewacin Ayilan, a baya, ni kam ba zan bari a wuce su ba.

Malam sannu da aiki, dakata kaɗan,
Mutan Ulster ne ba ka ambatawa.

Furotesta ne mafi yawansu, Dablin ta Katolika,
Tsoron zama tsiraru ya hana su kwantawa.

Belfas garin masaƙu da ƙera jirgin ruwa,
Kasuwar Birtaniya suke gudun rasawa.

Satumbar 1912 suka sa hannu a alkawarin ƙin mulkin Dablin,
Carson ne a gaba, jama'a na binsa suna ƙaruwa.

Maza da mata sun haura dubu 470,
Wannan ba taron da ake rainawa.

Ba bindiga nake goyon baya ba, Allah ya sani, amma tsoron nasu na gaske ne, kuma Redmond da Asquith sun daɗe suna ɗauka barazana ce kawai ta baki.

Ƙaramin Ɗalibi:
Inna Hajiya a gafarce ni zan sa baki a gaban manya. Na yarda suna da tsoro, to amma dubi abin da aka bar su suka yi da tsoron.

Inna na ji batunki, na kuma girmama,
Sai dai a barikin Curragh akwai abin dubawa.

Watan Maris, hafsoshin sojan doki 57,
Gough a gabansu, suka ce gara sallamawa,

Da a tura su Ulster gara a kore su,
Ba ko ɗaya a cikinsu da aka hukuntawa.

Ministan yaƙi Seely shi ya bar kujera,
Hafsoshi suka koma bariki da zamawa.

Daren 24 ga Afrilu jirgin mutan Carson ya tsaya a Larne ta Ulster,
Bindiga wajen dubu 25 ake saukewa.

Daga Jamus aka sayo, motoci suka kwashe,
Gari ya waye ba wanda ake kamawa.

Baba Mai Carbi:
Yaro Allah ya yi maka albarka, ka kawo mu inda zuciyata take. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗan jirgin nan Asgard, ƙaramin jirgin ruwa ne na shaƙatawa, Erskine Childers da matarsa Molly da Mary Spring Rice suna ciki, an cika ɗakin jirgin da bindigogin dakarun sa-kai masu son majalisar Dablin har sai a kansu suke shimfiɗa katifa su kwanta, haka suka yi ta fama da teku kwana da kwanaki, kuma tsofaffin bindigogi ne masu cin harsashi ɗaiɗai.

Ranar Lahadi 26 ga watan Yuli,
Asgard a Howth kusa da Dablin da rana take tsayawa.

Guda 900 ne kacal, duk tsofaffi,
Nan take 'yan sanda da soja ke fitowa.

Ba su sami na kirki ba suka juya Dablin,
Jama'a na ihu, duwatsu na tasowa.

A titin Bachelor's Walk soja suka buɗe wuta,
Mutum uku nan take suka zam gawa.

Har da mace a ciki, ba makami a hannunta,
Sama da 30 jini ke ta zubowa.

Larne an kau da kai, Howth an yi harbi,
Mudu biyu ne gwamnati ke aunawa.

Hajiya 'Yar Gobir:
Baba wannan kam ba ni da ja, jinin nan haƙƙi ne. Sai dai ku tuna kwana biyu kafin nan aka tashi taron fadar Buckingham hannu rabbana.

Sarki George ya tara su kwana huɗu,
Carson da Redmond ga taswira ana dubawa.

Gundumomin Fermanagh da Tyrone na Ulster suka hana ruwa gudu,
Kowa ya ce nasa ne, ba mai sakewa.

Malam Na-Tudu:
Haka ne Hajiya. Ni dai har yanzu tausayin Redmond nake ji, mutumin nan ya bi doka tiryan-tiryan.

4 ga Agusta Birtaniya ta shiga yaƙin duniya,
Hankalin Landan Jamus ya komawa.

18 ga Satumba sarki ya sa hannu a ƙudurin,
A ranar aka ce sai yaƙi ya ƙarewa.

Redmond a Woodenbridge ya ce wa dakarun sa-kai ku tafi fagen yaƙi,
Yana zaton alheri ne ake sakawa.

Ƙaramin Ɗalibi:
Malam a nan ne ni ban bi shi ba gaskiya, doka tana aljihun wani ka tura 'ya'yanka su mutu a kanta?

Dakarun sa-kai suka rabe gida biyu,
Mafi yawa Redmond suke marawa.

Shugabansu MacNeill ya ware, nasa ba su kai dubu 15 ba,
Cikinsu 'yan boren 1916 ke fitowa.

Hajiya 'Yar Gobir:
Ɗana kar ka ce ya tura na wasu ya ɓoye nasa.

Ƙanensa Willie ya sa kaki ya tafi,
A Messines ta Beljiyam 1917 ya yi rasuwa.

Shi kuma Redmond Maris na 1918,
Bai ga majalisar Dablin tana zamawa.

Baba, kai za ka buɗe mana 1916 ko mu bar wa yaron?