Neman shawara kan ɗaukar hoton ƙananan tsirrai a gida

Maman Sadiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina renon na'a-na'a da ɗoɗɗoya da dashen zogale a ƙananan tukwane, ina tallata su a WhatsApp, amma hotunan da nake ɗauka da waya ba sa fito da kyansu. Wani lokaci ganyen ya yi fari fat, wani lokaci kuma bokiti da igiyar shanya su kutso cikin hoton. Ba ni da halin sayen fitilun masu hoto, don Allah a ba ni shawara.

Malam Habibu: Wa'alaikumus salam. Hajiya, wannan farin daga filashin waya ne ko daga ranar tsakar gida, domin ganye mai santsi yakan mayar da haske mai ƙarfi. Ki kashe filashin, ki ɗora tukunyar a kan tebur kusa da taga yadda haske zai zo mata daga gefe, saboda hasken gefe ne yake fito da jijiyoyin ganyen na'a-na'a da ɗan gashin da ke jikin karansa. Idan rana tana shigowa kai tsaye, sai ki rataya farin mayafi marar kauri a tagar. A ɗaya gefen kuma ki jingina farin kwali a tazarar kamar santimita 30, zai mayar da haske ya rage duhun inuwa. Ki kashe kwan lantarkin ɗakin ma, tun da launin haskensa ya bambanta da na rana, haɗuwarsu kuwa kan ɓata koren ganye.

Anti Rabi: 'Yar'uwa, game da bayan hoton, ki sayi babban farin kwali a shagon littattafai, ki manna samansa a bango, ƙasansa ya lanƙwaso ya kwanta a kan teburin, ta haka layin da ke raba bango da tebur zai ɓace. Kuma ki goge ganyayen da jiƙaƙƙiyar auduga, musamman a hunturu, domin ƙurar da ido ba ya lura da ita waya ba ta ɓoye ta.

Malam Sanusi: Ina tare da Anti Rabi a kan lanƙwasa kwalin, amma ba na goyon bayan fari a kullum. Waya tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne, idan fari ya yi yawa sai ta rage haske, shukar ta fito da duhu. Ga zogale mai ƙananan ganye, baƙin yadi ko ruwan toka ya fi, a kuma matsar da shi kamar rabin mita daga tukunyar don kada inuwa ta faɗa masa. Hajiya, ki taɓa ganyen a fuskar wayar kafin ki ɗauka, ki jingina wayar da littattafai, ki saita ta ɗauka bayan daƙiƙa 3, sannan ki kashe fanka, domin ko 'yar iska kaɗan tana kaɗa zogale hoton ya yi dishi-dishi.