Samanja hafsa ne ko ba hafsa ba? Yadda aka kwashe a zauren matasan Kurna

Auwalu Ɗan Bariki: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na amayar da abin da ke cikina. An kira taron tsaron unguwa kan 'yan daba da masu ƙwacen waya, aka gayyaci mahaifina, Baba Samanja. Dattijon da ya cika shekara 35 cikin kaki, ya je Laberiya da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, ya riƙe RSM, wato babban samanja, na bataliya guda, shi aka bari a benci can baya. Wani matashi da ya zo hutu, laftana mai anini biyu a kafaɗa, shi aka ja gaba aka miƙa wa lasifika. Ban ga laifin yaron ba, don da kansa ya taso ya durƙusa ya gai da Baba. Mutanenmu ne ba su san waye samanja ba. Duk laftanan da ya fito daga NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, hannun samanja yake faɗawa. Samanja ne ya san sojan da matarsa ta haihu, da wanda bashi ya yi wa katutu, da wanda zai iya tsayawa in wuta ta buɗe. A Amurka tun 1966 suka kafa muƙamin samanjan sojan ƙasa gaba ɗaya, yana ba shugaban soja shawara kan halin da ƙananan sojoji ke ciki, kuma tun 1972 suke da makarantar manyan samanjoji a Tekzas. Mu ma akwai makarantarsu a Jaji, amma wa ya san da ita a cikin gari? Abin da nake kira shi ne, duk sojan da ya kai igiya uku, wato saje, a buɗe masa ƙofar karatu sosai, kwas bayan kwas, har digiri in yana so. Sannan jama'a su koyi girmama manyan hafsoshi irin su Baba.

Hajiya Ladidi: Allah ya huci zuciyarka Auwalu. Baba Samanja uban kowa ne a Kurna.

Nura Injiniya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ba wanda ya isa ya raina shi. Amma Auwalu gyara kalamanka. Samanja ba hafsa ba ne.

Auwalu Ɗan Bariki: Duk abin da na rubuta, wannan kaɗai ka gani?

Nura Injiniya: Ai shi ne tushen maganar. Hafsa shi ne wanda shugaban ƙasa ya ba takardar naɗi, daga mai anini ɗaya har janar. Su Baba ta makarantar horar da kurata ta Zariya suka shiga, kurtu, farabiti, las kofur, kofur, saje, sitaf saje, sannan waranti, matakin da samanja yake. Layi daban ne. Ka tambayi Baba da kansa, in laftana ya tunkaro waye yake sara wa wani?

Sadiƙ Tela: Don Allah tunda an ɗauko zancen karatu, ƙanena kofur ne, ya gama HND yana cikin aiki. Wace hanya zai bi?

Anti Binta Janguza: Nura kai ka taɓa kwana a bariki? Shekarata nawa a cikin Janguza. In RSM ya fito filin fareti da sandarsa a hammata, wallahi ƙananan hafsoshin nan gyara hula suke yi. Kwamanda in zai yanke hukunci kan soja, da wa yake ƙus-ƙus? In rigima ta tashi tsakanin matan bariki kan famfo ko ɗakin kwana, ƙofar wa ake zuwa? Ni ban taɓa ganin an kai wa laftana irin wannan ƙara ba.

Nura Injiniya: Anti, tsoro daban, muƙami daban. Ko a wurin gini ana shakkar tsohon shugaban leburori fiye da sabon injiniya, amma sa hannun injiniya ake nema a takarda.

Anti Binta Janguza: To in ginin ya tsaya wa ya tsayar da shi?

Kawu Sale Mai Ritaya: Ku saurara 'ya'yana. Ni da igiya uku na ajiye aiki, don haka abin da na gani zan faɗa. A bariki mes, wato gidan cin abinci da shaƙatawa, biyu ne na manya, akwai na hafsoshi, akwai na waranti da su saje. RSM ne shugaban namu, kuma hafsa ba ya shigowa sai da gayyata. Mu muke sara musu, wannan gaskiyar Nura ce. Amma laftanan da yake da hankali ba ya ɗaga wa RSM murya, don ya san gobe kwamanda zai kira shi ofis. Mu kanmu ba mu taɓa kiran kanmu hafsoshi ba, kuma ba mu ji kunyar haka ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne a fito gari a ɗauka wanda ya bi ta Zariya bai san komai ba sai ƙamewa. Kafin a ɗaura maka igiya akwai kwas, akwai jarrabawa. Karatun taswira, koyar da makami, lissafin kayan sito, yadda za ka jagoranci mutum 10 cikin daji da dare ka dawo da su cif. Wannan ba karatu ba ne?

Auwalu Ɗan Bariki: Na gode Kawu. Amma a gidan rediyo ma ai ana cewa ƙananan hafsoshi ana nufin su kofur da saje.

Nura Injiniya: Wane gidan rediyo? Kawo shaida.

Auwalu Ɗan Bariki: Na sha ji da kunnena.

Mustafa Lauya: Ji da kunne ba hujja ba ce. Ƙananan hafsoshi su ne laftana da kyaftin. Amma Nura kai ma ka yi hankali, takardar waranti ma takardar iko ce, ba kowane soja ake ba ita ba. Suna tsakiya ne.

Nura Injiniya: Babu wani tsakiya Barista. Ko kai hafsa ne ko ba hafsa ba.

Modu Mai Hula: Ku da kuke ta musu, kun san Chari Maigumeri? Babarbare ne. Da Jamusawa ya fara aikin soja a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi a yaƙin duniya na farko, ya shiga rundunarsu, ya zama RSM, ya yi yaƙin duniya na biyu har Bama. Yau akwai bariki sukutum da sunansa a Lakwaja. Janar nawa aka yi a ƙasar nan da ba a sa wa ko layi sunansu ba?

Nura Injiniya: Madalla, ka kawo mini hujja da hannunka. Da zai yi ritaya a 1953 kyaftin na girmamawa aka ba shi. In da samanja hafsa ne, me ya sa sai da aka ƙara masa wannan?

Modu Mai Hula: Don Bature ba ya ba baƙar fata anini da sauƙi a lokacin. Ka karanta tarihi.

Habu Fagge: Modu kullum sai ka jawo Barno cikin magana. Asalin sojan Najeriya dakarun Hausawa ne da Glover ya tara a Legas a 1863. Harshen bariki ma Hausa ne a zamanin Turawa.

Modu Mai Hula: Wa ya musa? Amma duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe Bature yake ce masa. Ka ƙirga Barebari da Zabarmawa da mutanen Bauchi ta kudu da Tibi da ke ciki tukuna.

Habu Fagge: Yanzu kuma za ku ƙwace mana tarihin?

Hajiya Ladidi: Kai yaran nan, me ya kawo ƙabila cikin zancen Baba Samanja?

Sadiƙ Tela: Jama'a tambayata fa, kan ƙanena.

Bashir Ɗan Boko: Ni abin da ban yarda da shi ba a maganar Auwalu shi ne wannan ɗaga samanja sama da ƙima. Laberiyar da Baba ya je, wa ya jefa ta cikin wuta? Samuel Doe, masta saje, ya kifar da gwamnati a 1980, ya yi shekara 10 yana mulki, ƙasar ta rufta cikin yaƙin basasa, sojojinmu suka je a 1990 suka zubar da jini. Akwai dalilin da ya sa ake tsare ragamar umarni a hannun waɗanda suka yi shekara 5 a NDA.

Anti Binta Janguza: Innalillahi! Bashir ka haɗa Baba da Doe?

Bashir Ɗan Boko: Ban haɗa ba Anti, misali na kawo.

Kawu Sale Mai Ritaya: To ɗana, tunda misali kake so. Waɗanda suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, su waye suka shirya abin? Nzeogwu manjo ne, a Sandhurst ta Ingila ya yi horo. Duk juyin mulkin da aka yi nasara a ƙasar nan ka duba wa ya hau kujera, ka gaya mini ko akwai saje a ciki. Kada ka ɗora mana abin da ba mu yi ba.

Bashir Ɗan Boko: Kawu a yi haƙuri, amma a Yulin 1966 ma ai su saje sun taka rawa babba.

Kawu Sale Mai Ritaya: Wa ya hau mulki bayan nan? Laftana Kanar Gowon.

Auwalu Ɗan Bariki: Bashir ka janye maganarka. Mahaifina ya bar mu muna ƙanana ya tafi ƙasar da ba mu san ko zai dawo ba. Ba zan zauna a zaure ɗaya a ambaci sunansa tare da Doe ba.

Bashir Ɗan Boko: Ban ambaci sunansa ba. A koma sama a duba.

Habu Fagge: Bashir dama yayanka ya nemi NDA bai samu ba, mun san inda aka dosa.

Bashir Ɗan Boko: Ka bar yayana a gefe Habu.

Mustafa Lauya: Sadiƙ, tunda ba mai kula ka. Sojan da ke cikin aiki in yana da digiri ko HND yana iya neman gajeren kwas na zama hafsa in an buɗe, amma da amincewar kwamandansa, kuma akwai iyakar shekaru. Akwai kuma hanyar da ake ɗaga tsofaffin sojoji masu dogon aiki su sa anini. Ya je ofishin ilimi na rundunarsu. Jami'ar soja ta Biu ma tana nan tun 2018.

Nura Injiniya: Kun ji ko? A ɗaga su su zama hafsoshi. Ana ɗaga mutum zuwa inda yake?

Anti Binta Janguza: Wannan shi ne ciwon ai. Sai mutum ya bar layinsa sannan a ce ya ci gaba? Maigidana ba ya son anini, so yake ya zama RSM na kirki, a tura shi kwas a Jaji, a ba shi gida mai kyau. Ba sai ya kusa ajiye kaki ba a kai shi cibiyar koyar da sana'a ta sojoji masu shirin ritaya da ke Oshodi a koya masa kiwon kaji da walda. Oshodi na da amfani, ban ce ba ta da shi ba, amma karatun da zai amfani yaran da ke ƙarƙashinsa tun yana da ƙarfi ya kamata a ba shi.

Auwalu Ɗan Bariki: Allah ya saka Anti. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Nura Injiniya: Abin da ka faɗa tun farko manyan hafsoshi ne.

Malam Kabiru Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na bi maganar tun daga sama. An tabbatar samanja ba hafsa ba ne, Kawu Sale da kansa ya ce su suke sarawa, kuma tarihin Maigumeri da Modu ya kawo ya ƙara tabbatar da haka. Don haka waɗanda suka shirya taron ba su yi kuskure ba da suka gabatar da mai anini, tsarin soja suka bi. Ni ƙanena kyaftin ne, na san wahalar da suke sha a Kaduna kafin su sa wannan anini, bai kamata a riƙa ce musu yara ba. Bashir ya kawo misali mai ma'ana, sai dai an yi masa mummunar fahimta. Wanda yake son girma a soja, ƙofa a buɗe take kamar yadda Barista ya bayyana, ya yi karatu ya sauya layi. Baba Samanja dattijonmu ne, muna girmama shi don shekarunsa. Auwalu ka gyara kalmar da ka yi amfani da ita, a wuce wurin.

Kawu Sale Mai Ritaya: Kabiru, rabin maganata ka ɗauka ka bar rabi.

Anti Binta Janguza: Don shekarunsa kawai? Ba don aikinsa ba? Kuma taron unguwa fareti ne da za a ce an bi tsarin soja?

Modu Mai Hula: Ni ban kawo Maigumeri don in goyi bayan Nura ba, a cire sunana daga wannan taƙaitawar.

Auwalu Ɗan Bariki: Ba abin da zan gyara. Kuma har yanzu Bashir bai janye ba.

Malam Kabiru Shugaban Zaure: Na rufe tura saƙo sai bayan sallar Asuba. Mai ƙorafi ya same ni a shago.