Neman shawara: in zaɓi ɓangaren kafa kasuwanci ko in bi maganar Baba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen nazarin kasuwanci, kuma zango mai zuwa kowa zai zaɓi ɓangaren da zai ƙware a kai. Ni dai raina yana kan ɓangaren kafa sabon kasuwanci. Baba kuwa ya ce kasuwanci ba a aji ake koyonsa ba, in karanci akanta, ko ba komai na samu aikin albashi. Maganar ta tsaya min a rai. Waɗanda suka bi ta nan, me kuka tarar?

Wani da ya gama: Wa alaikumus salam ƙanena. Shi na karanta, kuma ban yi da-na-sani ba. Na koyi yadda ake jin ta bakin masu saye kafin a zuba ko sisi, da yadda ake lissafa adadin kayan da za ka sayar kafin ka mayar da abin da ka kashe. Inda na yi sake shi ne darasin shige da ficen kuɗi, don haddar jarrabawa kawai na yi masa. Sana'ata ta farko a takarda riba take nunawa, amma kuɗin duk suna hannun masu karɓar kaya bashi, masu ba ni kaya kuma ba sa jira. Ban kai shekara ba na rufe. In ka zaɓe shi, ka riƙe darussan akanta da hannu biyu.

Wani malamin jami'a: Mahaifinka ya yi gaskiya ta wani gefen. Fannin dai ba sabo ba ne, tun 1947 wani malami mai suna Myles Mace ya fara koyar da shi a jami'ar Harvard ta Amurka. Amma koyarwar ta bambanta. A kwalejin Babson ta Amurka, 'yan aji ɗaya kan haɗu rukuni-rukuni su kafa kasuwanci na gaske da jarin da makarantar ke ranta musu, su sayar, su yi lissafi. Wani wurin kuwa tsarin kasuwanci za ka rubuta, a ba ka maki, a jefa a durowa. Je ka tambayi 'yan ajin ƙarshe wanne ake yi a sashenku, kuma cikin malaman wa ya taɓa biyan ma'aikaci albashi daga aljihunsa.

Wata akanta: Ni ina bayan Baba. Wani bincike na 2018 da ya yi amfani da bayanan hukumar ƙidaya ta Amurka ya gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma waɗanda suka taɓa aiki a harkar sun fi dacewa. To gaggawar me kake yi? Takardar akanta kowane ofis ya san ta. Ka yi aiki, ka ga kuskuren wasu da kuɗin wasu, darussan kafa kasuwancin kuma ka ɗauke su cikin na zaɓi.

Wani ɗan uwa: Tambaya ɗaya, malam: ka taɓa sayar wa baƙo wani abu, ba aboki ko ɗan uwa ba?

Mai tambaya: Gaskiya ban taɓa ba. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemi 'yan ajin ƙarshen. Yaya akanta, darussan zaɓin nawa kike ganin za su ishe ni?