Ya zan yi wasan jirgin ƙasa da yarana?

Baban Biyu: Salam jama'a, ƙanina ya aiko min ƙaramin jirgin ƙasa na wasa na kamfanin Hornby daga Ingila har da layinsa, wallahi ya shiga raina sosai amma yarana shekara 4 da 8 ne, ya zan yi mu riƙa haɗawa tare kar su ɓalla?

Na Fagge: Yallaɓai babban ka bar masa jona layi, ƙaramin ka ba shi kwali da fenti ya yi tasha, sai dai ƙananan kayan a ɓoye kar ya kai baki.

Maman Yara: Kai su tashar jirgin Kano su ga na gaske tukuna, tun 1911 layin ya iso garin nan.

Ɗan Gwale: Ƙura fa malam, ka dinga goge layin da tsumma, in ba haka ba wuta ba ta kamawa sai jirgin ya tsaya cak.