Ranar da kuka juya aiki zuwa sabar ko-ta-kwana, me ya faru?

Mai saba a Kakuri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da sabobin wata ma'aikata, wato kwamfutocin da ke riƙe da bayananta da ayyukanta, babbar tana nan Kaduna, ta ko-ta-kwana tana Abuja. Shekara biyu ke nan ba mu taɓa juya aiki can da gaske ba. Kafin in shawo kan oga mu gwada, ina son jin yadda ta kaya da ku.

Injiniya a Barnawa: Wa alaikumus salam. Mu duhun Oktoban 2024 ne ya tona mana asiri, lokacin da aka lalata layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Mando, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako babu wuta. Sabarmu ta ko-ta-kwana tana Kano. A takarda wuri biyu ne, da tazarar sama da kilomita 200, amma duhu ɗaya ya lulluɓe su. A rana ta huɗu janaretonmu ya ɗau zafi ya tsaya. Na kira Kano da murnata, yaron can ya ce su ma dizal ɗin da ya rage ba zai kai asuba ba. Tun daga nan, kafin in tambayi nisa, sai na tambayi daga ina wutar wurin take zuwa.

Hajiya mai rumbun bayanai: Injiniya, naka da sauƙi, komai ya mutu ne kawai. Ni duka biyun ne suka rayu, kuma shi ne bala'in. Masu aikin hanya suka tsinke faiba, wato wayar intanet, tsakanin nan da Abuja. Sabar Abuja ta daina jin ta Kaduna, ta ɗauka ta rasu, ta naɗa kanta sarauta. Ta Kaduna kuwa lafiyarta ƙalau, tana ta karɓar aiki. Sarki biyu zamani ɗaya. Wajen minti 40 kowace tana rubuta nata a PostgreSQL, manhajar rumbun bayananmu, lambobin rasit suna cin karo. Dare uku muka yi muna tsince su da hannu, ni da wani ƙanena na ofis, da shayi da burodi. Yanzu mun ajiye ƙaramar saba ta uku a Legas a matsayin shaida. Manhajojin Patroni da etcd muke amfani da su wajen zaɓen sabar da za ta shugabanta, ba wadda ke hawa gadon sai da amincewar biyu cikin uku. Wadda ta tsinci kanta ita kaɗai, ta daina rubutu.

Ɗan Tudun Wada: Ranki ya daɗe, wannan darasi ne. Nawa abin kunya ne: juyawar ta tafi sumul, amma na bar TTL na DNS, lokacin da kwamfutocin mutane ke riƙe adireshin saba kafin su sake tambaya, a daƙiƙa 86400, wato yini guda cur. Mutane suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar matacciyar sabar. Malam, ka rage shi zuwa 300 tun kwana biyu kafin gwajin.

Injiniya a Barnawa: Kada kuma a ce ajiya a Turai ta raba gardama. Ran 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, wani abokina yana da kwafinsa lafiya lau a can, amma jawo shi ya gagara.

Mai saba a Kakuri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan nemi daren Asabar, bayan an rufe lissafin wata. Hajiya, da kuka dawo da sarautar Kaduna, pg_rewind, mai daidaita tsohuwar saba da sabuwa, ya wadatar, ko sai da kuka sake kwafe rumbun tun daga farko?