Wayar girke ce ta mutu, ko mutane ne suka daina ɗauka?

Ɗaliba, Kawo: Assalamu alaikum. An koyar da mu cewa mutuwar wayar girke ce ta gurgunta binciken jin ra'ayi ta waya. Ni dai ban gamsu ba.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa muku. A Amurka kwamfuta ce ke harhaɗa lambobi ba tare da zaɓe ba, a yi ta kira gida-gida, kuma farkon lambar kan nuna yankin da gidan yake. Zuwa ƙarshen 2016, fiye da rabin gidajensu wayar hannu kaɗai gare su. Masu ta girke galibi dattawa ne, lambobi da yawa kuma an yanke su. Ka ɓata yini kana kira, matashi ko ɗaya ba ka samu ba.

Tsohon jami'in ƙidaya, Barnawa: Malam, da sauran magana. Cibiyar Pew, mai binciken jin ra'ayi a Amurka, tana samun amsa daga kashi 36 cikin 100 na gidajen da ta kira a 1997. A 2018 ya koma kashi 6, alhali ta daɗe da haɗawa da wayar hannu. Mutane ne suka gaji da baƙuwar lamba.

Malamin lissafi: Baba, ai biyun duk suna ciki. Amma wanda ba ya cikin jerin lambobin da ake kira ma, ta ina zai ƙi amsawa?

Ɗaliba: To mu fa, Baba? Tun 2001 muka koma salula, ai mun huta.

Tsohon jami'i: Ina muka huta, 'yata! Zamanin NITEL, kamfanin waya na gwamnati, gida nawa ne a Kaduna ke da lamba mai 062? Ofisoshi ne da gidajen manya. Yau ma ɗan kasuwa na riƙe da layi uku, matar aure a ƙauyukan Giwa kuwa sai ta ari wayar maigida, yana tsaye a kanta. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, don muryarta ce ke ɓacewa. Ga 0803 ba ta nuna maka Zariya ko Legas. Shi ya sa lokacin korona a 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta kira gidajen da ta riga ta shiga da ƙafa ta karɓi lambobinsu.

Malamin lissafi: Wannan na yarda. Sai dai zuwa gida-gida kuɗi ne, ga halin da hanyar Birnin Gwari ta shiga. Wa zai tura yaransa?

Ɗaliba: Ni aikina na kammala karatu a kan matan Rigasa ne. Ƙafa zan sa ke nan, Baba?

Tsohon jami'i: Sa ƙafa. Ki je da hantsi, bayan an sallami yara makaranta.