An ba ni Sista in kula da karatunta, kuma ta haife ni. Ya zan yi?

Ɗan_Asawase:

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan lafiya. Dan Allah shawara nake nema, abin ya kwana biyu yana cina. Ni PA ne, wato mataimakin likita, shekarata 4 da fara aiki, ina wani ƙaramin asibiti a bayan garin Kumasi. Wata biyu da suka wuce aka turo min wata Sista da take ƙaro karatu, irin na nas ɗin da za ta riƙa duba mara lafiya da kanta tana rubuta magani, aka ce a ɗakina za ta zauna koyon aiki kuma ni zan riƙa sa hannu a logbuk ɗinta. To matar nan wallahi ta haife ni, shekararta 22 tana aikin nas, jijiyar da ta gagari kowa ita ake kira ta sa kanula, ni kaina da na zo asibitin nan irinsu ne suka nuna min hanya.

Ran nan aka kawo yaro ɗan shekara 2 da zazzaɓi da tari, an yi gwajin maleriya na yatsa bai nuna komai ba amma ta ɗauki biro za ta rubuta maganin maleriya, tace ai zazzaɓin damina sananne ne. Na ɗaga rigar yaron na ƙirga numfashi, 52 a minti ɗaya, na ce Sista wannan nimoniya ce ba maleriya ba, kuma a gaban uwar yaron na faɗa. Tun ranar ta rage magana da ni. Yanzu sai Juma'a take kawo logbuk a cike tace in sa hannu, alhali rabin abin da ke ciki ban gani da idona ba don layi ya min yawa. In na ƙi kamar na raina ta, in na sa kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan amanar, ya kuka yi?

Tsohon_Kintampo:

Wa alaikumus salam ɗana. Abin da kake gani ba sabo ba ne. Makarantar Kintampo da ke horar da mataimakan likita tun 1969 take, kuma kafin a fara ɗaukar yara kai tsaye daga sakandare, nas-nas ne da suka daɗe a aiki ake ɗauka a koya musu duba mara lafiya, ni ma ta nan na biyo. Don haka na san ciwon daga ciki. Hannun tsohuwar nas ya ƙware, idonta ma ya ƙware, tana hango yaron da jikinsa ya yi tsanani tun daga bakin ƙofa. Abin da ba ta saba ba shi ne a ce ita ce za ta yanke cewa ga cutar, ta kuma kawo dalili, ta kuma faɗi abin da ya sa ba waccan ba ce. Shekara da shekaru wani ke yankewa ita tana aiwatarwa. Wannan gurbin shi aka turo ta ta cike a wajenka, ba sa kanula ba.

Maganar sa hannu kuwa ba wasa. Sa hannunka shaida ce, kana cewa na gani kuma ta iya. Gobe za a tura ta wani ƙauye inda babu dokta ko ɗaya, daga ita sai ƙananan ɗakunan shan magani na CHPS biyu uku da ke turo mata marasa lafiya, kuma da shaidarka za ta zauna a kujerar. Lasisinka yana hannun hukumar likitoci, Medical and Dental Council, nata yana hannun hukumar nas da ungozoma, kowa da inda zai amsa tambaya.

Ga yadda nake yi da nawa ɗaliban. Ba na cewa zan kalli kowane mara lafiya, ba zai yiwu ba. Mutum biyu kacal a rana, na farko da safe kafin layi ya cika da ɗaya bayan azahar, in zauna a gefe in yi shiru tun daga gaisuwa har rubuta folda. In mara lafiya ya fita sai in yi tambaya huɗu: me kika gani, me kike zato, in ba shi ba ne me kuma zai iya zama, wace alama ce za ta sa ki tura shi Ji, wato babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi, yanzu yanzu. A take nake sa hannu, ranar, ba Juma'a ba.

Ungozoma_Nima:

Ƙanina kayi haƙuri zan faɗa maka gaskiya, a kan yaron kana da gaskiya ɗari bisa ɗari, yaro daga shekara 1 zuwa 5 in numfashi ya kai 40 a minti da tari ai magana ta ƙare, amma wurin da ka faɗa shi ne kuskuren. Ni na zauna a kujerar da take kai yanzu, na yi shekara 17 a ɗakin haihuwa kafin na koma karatu a nan Accra, kuma doktan da aka haɗa ni da shi ƙanin bayana ne. Ba ka san nauyin da ke cikin mace ta ce ban sani ba a asibitin da kowa ke ce mata Sista ba, ga diyutin dare ga kuɗin makaranta daga aljihunta ga yara a gida, sannan uwar yaron nan wataƙila unguwarsu ɗaya, gobe a gidan suna za su haɗu. Kawo logbuk ranar Juma'a da take yi ba wayo ba ne, gudun sake jin kunya ne.

Doktan nan nawa in ya ga zan kauce sai yace Sista dan Allah mu sake ƙirgawa tare, ko yace zo ki taya ni duba wani abu a waje. Mara lafiya bai taɓa gane gyara ake min ba. Ka same ta ku biyu, ka fara da ba ta haƙuri a kan gaban mutane da ka yi magana, ban da maganin, wannan kar ka janye. Kuma ka roƙe ta ta koya maka wani abu da ta fi ka, da gaske ba don lallashi ba.

Mai_Famasi:

Anti na yarda da ke amma da sharaɗi. In biro ya riga ya hau takarda kuma maganin zai cutar, a tsayar a wurin ko gaban waye, kunya tana warkewa. Mu a famasi mu ke ganin ƙarshen abin, maganin maleriya ga wanda gwaji ya ce babu, ko a rubuta wa yaro ba a auna kilo ba, alhali maganin maleriya artemether-lumefantrine da nauyi ake bayarwa, a kowane sha kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu. Shawarata ka ajiye littafin STG na ma'aikatar lafiya, wato na ƙa'idojin ba da magani, a buɗe a kan tebur, in kun saɓa ku duba tare, kai ma ka riƙa dubawa a gabanta ko ka san amsar. Sannan ka je wajen incaj ka ce an ba ka ɗaliba a rage maka layi ko na awa ɗaya ne, kuma ka nemi lambar malaminta na makaranta tun yanzu, kar sai abu ya lalace.

Ɗan_Asawase:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na yi yadda kika ce jiya bayan an tashi, ta daɗe ba ta ce komai ba sannan tace ita ma abin yana damunta, ta amince da mutum biyu a rana daga Litinin. Saura abu ɗaya Baba, akwai shafi uku da na riga na sa wa hannu a makon farko ban gani ba, har da duba mai ciki da hawan jini. Su fa?

Tsohon_Kintampo:

Ka faɗa mata ka sa hannu ba ka gani ba kuma laifinka ne, ku sake su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta sabuwar rana a gefe. Na mai cikin ku fara da shi ranar awo, ka ga ta auna jinin da kanta, ta duba furotin a fitsari, ta tambayi ciwon kai da ganin dishi-dishi, kuma ta faɗa maka da bakinta a wane mataki za ta ba da magnesium sulphate, maganin hana jijjiga, ta nemi motar tura ta babban asibiti.